Gudun Famfalaki: Me Ya Sa Ƙafa Ke Mutuwa A Kilomita Na 30?

A ranar 24 ga watan Yuli na shekarar 1908, wani ɗan ƙasar Italiya mai suna Dorando Pietri ya shigo filin wasa na White City a birnin Landan yana gaban kowa a tseren famfalaki na gasar Olamfik. Abin da ya rage masa bai kai mita 400 ba. Da shigarsa sai ya nufi ɓangaren da ba nan ne hanya ba, aka juyo da shi, ya ɗan taɓa gudu, ya faɗi. Aka tashe shi, ya sake faɗuwa, har sau da dama, a gaban dubban 'yan kallo. Wannan ɗan taƙi sai da ya ci masa kusan minti 10. Shi ne dai ya fara ƙetare layi, amma da yake tallabe shi aka yi, sai aka soke nasararsa aka ba Johnny Hayes na Amurka lambar zinariya.

Tsawon da aka auna domin wannan tsere, daga fadar Windsor zuwa cikin filin, shi ne mil 26 da yadi 385, wato kilomita 42 da mita 195. A shekarar 1921 aka tsayar da shi ya zama tsawon gudun famfalaki a duniya baki ɗaya. Turawa kuwa suna kiran tseren da sunan Maraton, wani fili a ƙasar Girka inda aka gwabza yaƙi da Farisawa shekara 490 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam.

A yau yawancin masu shiga wannan tsere ba 'yan wasa ba ne. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan ofis, da 'yan kasuwa, maza da mata, waɗanda ke gudu don sha'awa da neman lafiya. Dubun-dubatarsu ne ke kammala tseren Landan da na New York kowace shekara, kuma tun shekarar 2016 ana yin irinsa a birnin Legas. Kelvin Kiptum na Kenya ya gama tseren Chicago na shekarar 2023 cikin awa 2 da daƙiƙa 35. Mai gudun sha'awa kuwa yakan ɗauki awa 4 zuwa 5, wani ma fiye. Da yawa daga cikinsu sukan ba da labari iri ɗaya: tafiya na daɗi har wajen kilomita na 30, daga nan sai ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse, ido ya soma ganin duhu-duhu, mutum ya kasa lissafin kilomitan da suka rage masa. Masu gudu suna kiran wannan wuri "bango". Watannin da ake kwashewa ana atisaye, akasarinsu ƙoƙari ne na tura wannan bango ya koma bayan layin ƙarshe.

Lissafin makamashi

Jikin ɗan Adam yana ƙona abu biyu idan yana gudu mai nisa: sukari da kitse. Sukarin da ke fitowa daga tuwo, shinkafa, doya da sauran abinci mai sitaci, jiki yana ɗaure shi ya adana a cikin tsoka da hanta. Sunan wannan ajiya gilaikojin. Baligi mai matsakaicin jiki yana iya riƙe kimanin giram 400 a tsokoki da kimanin giram 100 a hanta. Kowane giram yana ba da kalori 4, irin kalorin da ake rubutawa a jikin gwangwanin abinci. Jimla ke nan wajen kalori 2,000.

Gudu kuwa yana cin kimanin kalori 1 a kan kowane kilo na nauyin mutum a kowace kilomita. Ɗalibi zai iya yin wannan lissafi a bayan littafinsa: mai nauyin kilo 65, idan ya yi kilomita 42, zai buƙaci kalori 2,730. Ajiyar ba ta kai ba ke nan. Giɓin ma ya fi haka girma, domin tsoka ba ta ba 'yar'uwarta aron gilaikojin. Wanda ke cikin damtse da kafaɗa yana nan zaune, ba zai gangaro ya taimaki cinya ba. Hanta kaɗai ke sakin nata cikin jini, kuma da shi ƙwaƙwalwa ta dogara. Idan na cinya ya ƙare, ƙafa ta mutu. Idan na hanta ya ƙare, sukarin jini ya faɗi, sai jiri da ruɗewa.

Ga kuma abin mamaki. Wannan mutum da ke tangaɗi a kilomita na 32 yana ɗauke da makamashi jingim. Ko siriri ne, ba zai rasa kilo 8 na kitse a jikinsa ba, wanda ya haura kalori 60,000, wato abin da zai ishe shi tseren famfalaki fiye da 20 a jere. Matsalar ita ce yadda kitse ke ci. Duk wanda ya taɓa hura wuta ya san bambancin karan dawa da kututturen kirya. Kara nan da nan ya kama, ya yi harshe, ya cinye. Kututture yakan kwana yana ci, amma a hankali, kuma sai da iska. Gilaikojin kara ne, kitse kututture. Duk lokacin da mai gudu ya ƙara sauri, jiki yakan ƙara karkata ga kara. Idan karan ya ƙare aka bar shi da kututture kaɗai, dole saurin ya ragu zuwa abin da wannan wuta mai nawa za ta iya ɗauka, wanda sau da yawa bai fi tafiya ba.

Wasu likitoci biyu 'yan ƙasar Suwidin, Jonas Bergström da Eric Hultman, su ne suka fito da wannan al'amari fili a shekarun 1960, ta hanyar tsakuro ɗan naman tsoka da wata allura suna aunawa. A wani gwaji da suka buga a 1966, da kansu suka yi: suka hau keken motsa jiki guda, kowa yana tuƙi da ƙafa ɗaya har ta gaji liƙis, ɗayar tana hutawa. Gilaikojin ya ƙare a ƙafar da ta yi aiki kaɗai. Bayan sun yi kwana 3 suna cin abinci mai sitaci, sai ajiyar wannan ƙafar ta cika har ta zarce ta wadda ta huta nesa ba kusa ba. Tsokar da aka saba yashewa ita ce ke koyon faɗaɗa rumbunta.

Abin da gudu a hankali ke ginawa

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ya ɗauka atisaye bai karɓu ba sai ya dawo gida yana haki kamar zai shiɗe. Masu horarwa sun daɗe da gane cewa ba haka abin yake ba. Arthur Lydiard na ƙasar New Zealand ya riƙa sa 'yan wasansa dogon gudu cikin natsuwa na watanni kafin su taɓa atisayen sauri, har da masu tseren mita 800. A gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960, biyu daga cikinsu, Peter Snell da Murray Halberg, suka ci zinariya, Barry Magee kuma ya zo na uku a famfalaki.

Bayanin kimiyya ya biyo baya. A cikin kowace ƙwayar tsoka akwai wasu 'yan mitsi-mitsin halittu da ake kira mitokondiriya. Su ne murhun da ake ƙona sukari da kitse da iskar oksijin. A shekarar 1967 wani masani a Amurka, John Holloszy, ya sa ɓeraye gudu a kan na'ura na tsawon makonni, ya tarar ƙarfin waɗannan murahu a tsokar ƙafarsu ya kusa ninkawa. Haka yake ga mutum. Da yawan murhu, da yawan kitsen da za a iya ƙonawa a minti guda, sai a riƙa tsimin gilaikojin. Bugu da ƙari, siraran hanyoyin jini sukan ƙaru a kewayen tsoka, ruwan jini yakan ƙaru tun cikin makonni biyun farko, zuciya kuma takan riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya. Kamar dai maƙeri ne ya sauya zuga-zugi ya samo babba.

Wannan sauyi na zuciya ana iya ganinsa ba tare da wata na'ura ba. Mutum ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa da asuba kafin ya tashi daga shimfiɗa, ya ƙirga bugun na minti ɗaya. Ga mafi yawan mutane yakan kama wajen 70. Bayan watanni ana gudu yakan sauka zuwa 60 ko ƙasa da haka, ga gwanaye ma har 40. Malamin kimiyya zai iya sa ɗalibansa su rubuta nasu a farkon zango da ƙarshensa, a kwatanta na 'yan ƙwallo da na sauran.

To wane sauri ne "a hankali"? Ma'auni mafi sauƙi shi ne magana. Idan mutum zai iya gaisawa da abokin gudunsa, ya tambaye shi gida da iyali, ya amsa masa da cikakkiyar jimla ba tare da numfashi ya katse shi ba, to yana kan daidai. Binciken da aka yi a kan manyan 'yan tseren nesa ya nuna kimanin kashi 80 cikin 100 na atisayensu a irin wannan sauƙi suke yin sa. In gwanaye haka suke yi, ba dalilin da zai sa mai gudun sha'awa ya ji kunyar masu keke suna wuce shi.

Zuciya da gaggawa, ƙashi da nawa

A nan ne haɗarin yake. Sassan jiki ba tare suke sabawa da aiki ba. Zuciya da huhu da jini cikin 'yan makonni sun karɓa, har mutum ya ji kamar zai iya ninka nisan da yake yi. Ƙashi da agara da guringuntsi kuwa watanni suke so. A kowane taku na gudu, ƙafa tana ɗaukar nauyin da ya ninka na jiki sau 2 zuwa 3, kuma mai gudun sha'awa yakan yi taku fiye da 40,000 kafin ya gama tseren. Ƙashi yana ƙarfafa ne ta wata hanya mai ban sha'awa: wasu ƙwayoyi sukan fara kankare wurin da ya gaji, sa'an nan wasu su zo su cike shi da sabo. Tsakanin kankarewa da cikewa ƙashin ya fi rauni fiye da yadda yake da farko. Wanda ya lafta masa kaya a wannan tsakani yakan samu tsagewa siririya a ƙwauri ko a ƙasusuwan tafin ƙafa, wadda za ta zaunar da shi wata biyu. Agara ita ma jini kaɗan ke isa gare ta, shi ya sa ciwonta ke daɗewa.

Saboda haka ake ƙara nisa kaɗan-kaɗan. An saba cewa kada ƙarin mako ya wuce kashi 10 cikin 100, kuma shawara ce mai kyau, sai dai ba doka ba ce. A wani gwaji da aka buga a 2008 a ƙasar Holan, an raba sababbin masu gudu fiye da 500 gida biyu, rabi suka bi wannan ƙa'ida, rabi suka bi tsari mai ɗan sauri. A kowane ɓangare kimanin mutum 1 cikin 5 ya ji rauni. Abin da ya fi lamba amfani shi ne sauraren jiki. Tsamin jiki da ya bazu ko'ina, yana kuma sakin mutum idan ya ɗumama, ba abin damuwa ba ne. Zafin da ya tsaya wuri ɗaya a kan ƙashi, wanda za a iya nunawa da yatsa, yana kuma ƙaruwa da gudu, wannan a tsaya a ga likita.

Wani abin gyara a nan, domin har yanzu ana faɗinsa a azuzuwa: tsamin da ake ji kwana ɗaya ko biyu bayan gudu ba sinadarin laktik ne ke kawo shi ba. Wannan sinadari yakan bar jini cikin kimanin awa guda. Tsamin yana zuwa ne daga 'yan ƙananan yagewa a zaren tsoka da kumburin da ke biyo bayansu.

Tsarin makonni

Wanda ya riga ya saba da gudun kilomita 10 ba tare da wahala ba yana buƙatar mako 16 zuwa 20. Wanda bai taɓa gudu ba, gara ya ba kansa shekara, ya fara da haɗa tafiya da sassarfa. Akan yi gudu sau 3 ko 4 a mako, ɗaya daga ciki shi ne dogon, wanda ke tashi daga wajen kilomita 12 har ya kai 30 ko 32. Bayan kowane mako uku akan sassauta mako guda. Ba a cika wuce kilomita 32 a atisaye ba, domin ɓarnar da ragowar za ta yi wa ƙafa ta fi amfaninta. A makonni 2 ko 3 na ƙarshe sai a rage gudu sosai, tsoka ta warke, rumbu ya cika. Mai jin bai shirya ba yakan so ya rama a wannan lokaci, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Idan azumi ya faɗo cikin makonnin, dogon gudu sai bayan buɗa-baki.

Kafin a fara komai, wanda ya haura shekara 40, ko mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko wanda aka taɓa yin mutuwar fuju'a a danginsa, ya ga likita. Tsayawar zuciya a tsere ba ta da yawa: wani bincike a Amurka da ya duba masu tsere kusan miliyan 11 daga 2000 zuwa 2010 ya sami mutum 59. Amma ciwon ƙirji ko suma a lokacin gudu ba abin daurewa ba ne. A Nijeriya kimanin mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila ba tare da yana ciwo ba. Irin wannan mutum yana iya gudu, amma ya kamata ya san matsayin jininsa, domin tsananin wahala cikin zafi da ƙishirwa yana iya kayar da shi. Mai zazzaɓi kuwa ba ya gudu sam, sai ya warke sarai. Su kuma ɗalibai su sani manyan tsere irin na Landan da Boston ba sa karɓar wanda bai kai shekara 18 ba. Kilomita 5 ko 10 sun ishi mai tasowa.

Zafi, gumi da ruwa

Daga makamashin da tsoka ke ƙonawa, kimanin kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ne kawai ke zama motsi. Sauran duk zafi ne, kuma dole a fitar da shi. Babbar hanyar ita ce gumi, amma gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe a kan fata ya bi iska. Lita ɗaya da ta bushe tana tafiya da zafin kalori kusan 580. Wadda ta ɗiga ƙasa kuwa asara ce. Shi ya sa iska mai laima ta fi busasshiya haɗari. A gasar duniya ta birnin Doha a 2019, da tsakar dare aka yi tseren mata don gudun rana, duk da haka zafi ya haura digiri 30 ga laima mai yawa. Cikin gwanaye 68 da suka tashi, 28 ba su kai ƙarshe ba.

Wannan ya shafi ɗan Arewa kai tsaye. Tseren Legas akan yi shi a watan Fabrairu. Mai shiri a Kano ko Zariya ko Jos zai yi makonninsa ne cikin hunturu, da asuba, cikin sanyi da busasshiyar iska inda gumi ke ɓacewa tun bai tsatso sosai ba. Sai ya sauka bakin teku ya tarar da iska mai ɗumi da nauyi, rigarsa ta jiƙe sharkaf tun kilomita na 5. Jiki yana sabawa da zafi cikin kwana 10 zuwa 14: gumi ya riƙa zuwa da wuri, gishirin cikinsa ya ragu. Don haka yana da kyau a mayar da wasu gajerun gudu na makonnin ƙarshe zuwa hantsi, kuma a rage burin sauri a ranar. Idan aka ga mai gudu yana tangaɗi, yana sambatu, jikinsa ya yi zafi rau, to a fara sanyaya shi nan take da ruwan sanyi ko ƙanƙara, tun kafin motar asibiti ta iso. Zafin cikin jiki da ya haura digiri 40 yana lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta, kuma mintuna ake ƙirgawa.

Sai dai yawan ruwa shi ma yana kisa, kuma mai gudun sha'awa ya fi gwani faɗawa ciki, domin ya fi daɗewa a hanya yana wuce teburin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Ruwan da ya wuce abin da aka zubar yana tsinka sinadarin sodiyam na jini, ruwa ya kutsa cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su kumbura. Tim Noakes na Afirka ta Kudu ya bayyana wannan a 1985. A tseren Boston na 2002 an auna jinin mutum 488 da suka gama, aka tarar kashi 13 cikin 100 sodiyam ɗinsu ya yi ƙasa, kuma abin ya fi yawa ga waɗanda suka wuce awa 4 da waɗanda nauyinsu ya ƙaru a hanya. A sha idan an ji ƙishirwa. Sikeli ma yana taimakawa: a hau kafin dogon gudu da bayansa. Ragin kilo ɗaya kusan lita ɗaya ce ta gumi. Wanda ya tarar ya ƙara nauyi, ya sha fiye da kima.

Ranar tsere

A kwana 2 ko 3 na ƙarshe akan ƙara abinci mai sitaci, a rage mai da yaji. A kan hanya kuma jiki yana iya karɓar giram 30 zuwa 60 na sukari kowace awa, wanda ke jinkirta faɗuwar sukarin jini. Ayaba ɗaya tana da kimanin giram 25, dabino matsakaici giram 5 ko 6. Duk abin da za a ci a tsere, a riga an gwada shi a dogon gudu, domin ciki ma horo yake so. Haka kambas da safa: sabon takalmi bororo yake kawowa. A shafa basilin a hammata da matsematsi.

Sauran aikin yana cikin kilomita 10 na farko. Ƙafa ta huta, ga kiɗa, ga jama'a na ihu, sai mutum ya ji saurin da ya saba ya yi masa kaɗan. Daƙiƙa 20 da ya ƙara a kowace kilomita a nan, daga karan da zai nema a kilomita na 35 ya ɗebe su. Mai son gamawa cikin awa 4 da rabi yana buƙatar minti 6 da daƙiƙa 24 a kowace kilomita, kuma gara ya fara ƙasa da haka kaɗan ya bar mutane su wuce shi. Da yawansu zai same su a gaba suna tafiya, hannu a ƙugu.

Bayan layi, gilaikojin yakan ɗauki kwanaki kafin ya koma yadda yake, zaren tsoka kuwa mako 2 zuwa 3 ko fiye. Tsamin ya fi tsanani a rana ta biyu, musamman a gaban cinya, domin ita ce ke taka wa jiki birki a kowane taku. Hawa bene ba ya wahala sosai. Saukowa ce ke gagara, har akan ga wanda ya gama famfalaki jiya yana sauka da baya-da-baya, riƙe da ƙarfen matakala.